Makiyayan Afirka Masu Ƙaura: Tambayoyi da Amsoshi

Tambaya: Waɗanne al'ummomi ne ke rayuwar ƙaura a Afirka?

Amsa: Mafi yawansu makiyaya ne. A yammacin nahiyar akwai Fulani, waɗanda suka bazu tun daga Senegal har Sudan, da Abzinawa a Nijar da Mali da Aljeriya da Libiya, da Tubawa a duwatsun Tibesti, da Larabawan Shuwa a kewayen Tafkin Chadi. A gabas akwai Somaliyawa da Afar masu raƙuma, da Masai na Kenya da Tanzaniya, da Turkana da Borana, a kudu kuma akwai Himba na Namibiya. Akwai kuma 'yan tsiraru da farauta da neman zuma da 'ya'yan itace ke yawo da su, kamar San na Kalahari da Hadza na gefen Tafkin Eyasi. Sai dai ba kowane Bafulatani ko Ba'abzine ke ƙaura ba, domin da yawansu sun daɗe da zama a birane.

Tambaya: Me ya hana su zama wuri guda?

Amsa: Yanayin ƙasar ne ya hana. A Sahel damina ba ta cika wuce wata uku ba, kuma ruwan ba ya sauka daidai, ana iya sheƙa shi a wannan kwari a tsallake na gaba da shi, don haka wanda ya tsare garkensa a fili ɗaya shekara guda zai ga ciyawa ta ƙare, dabbobi sun rame. Da damina ana kora shanu arewa, inda sabuwar ciyawa ta fi ƙosar da dabba, kuma an yi nesa da gonaki da ƙudan tsando mai sa sammore. Bayan kaka sai a gangaro kudu wajen fadamu da bakin kogi da karan da manoma suka bari.

Ba a tashi da ka. Kafin ruga ta ɗaga, sai an tura wanda ya san daji ya dubo irin ciyawar da ta fito, ya tambayo rijiyar da ba ta ƙafe ba, ya ji ko wata cuta ta ratsa yankin, sannan ya gaisa da mai gari. A Masina ta ƙasar Mali, tun ƙarni na 19 Shehu Ahmadu, wanda ya kafa daular Fulani a can, ya tsara yadda garkuna za su riƙa shiga makiyayar burgu, wato ciyawar fadamun Kogin Neja, bi da bi, kuma garin Diafarabe ya shahara da bikin ƙetarewar shanu a Kogin Neja. A ganina, wanda ya kira wannan yawo marar dalili bai san zurfin ilimin da ke cikinsa ba.

Tambaya: Da me suke rayuwa, nama ne abincinsu?

Amsa: A'a, nono ne ginshiƙi, kuma ba kasafai makiyayi ke yanka saniyarsa ba sai don suna ko aure ko babban baƙo. A wajen Fulani mata ne ke sarrafa nono da man shanu, su sayar su sayo hatsi. Masai kan haɗa madara da jinin da suka tsaga daga wuyan sa ba tare da sun kashe shi ba, Somaliyawa kuwa sun dogara da raƙuma domin tana ba da nono ko da rani ya tsananta. Abzinawa sun haɗa kiwo da fatauci, ayarinsu kan tashi daga Abzin ɗauke da gero, ya ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Bilma, ya dawo da kantun gishiri da dabino.

Akwai kuma al'adar habbanaye ta Fulani, wadda ta cancanci yabo: wanda ya rasa dukiya sai ɗan'uwa ya ba shi aron karsana, ya riƙe ta har ta yi haihuwa, ya mayar da uwar, 'ya'yan kuma su zama nasa.

Tambaya: Suna da lokacin taruwa?

Amsa: Suna da shi. A ƙarshen damina, wajen watan Satumba, Abzinawa da Wodaɓe, wani reshe na Fulani, kan taru a Ingal ta Nijar domin dabbobi su lashi ƙasa mai gishiri, kuma a wannan lokaci ne samarin Wodaɓe ke yin kwalliyar Gerewol, 'yan mata su zaɓi wanda ya fi kyau.

Tambaya: Me ke haddasa rikicinsu da manoma?

Amsa: A dā akwai cuɗe-ni-in-cuɗe-ka a tsakani, shanu su ci kara, gona ta sami taki. Yanzu jama'a ta yawaita, gonaki sun cinye burtali, noman rani ya mamaye fadamun da ake shayarwa, ga satar shanu da yaɗuwar bindigogi. Dokoki kuwa akwai su, domin Jihar Arewa ta Najeriya ta yi dokar keɓe filayen kiwo a 1965, ECOWAS kuma ta amince da yarjejeniyar ƙetara iyaka da dabbobi a 1998, amma aiwatarwa ta yi rauni. Manomin da aka cinye wa gona yana da haƙƙin diyya, mai laifi kuma a hukunta shi da sunansa, ba a shafa wa ƙabila duka baƙin jini ba.

Tambaya: Wannan rayuwa za ta ɗore kuwa?

Amsa: Ta riga ta sauya sosai. Farin 1973 da na 1984 sun hallaka garkuna masu yawa a Sahel, suka tura makiyaya birane aikin gadi da ƙananan sana'o'i. Wasu iyalai yanzu sun kafa gida, samari kaɗai ke bin shanu, suna tambayar labarin ruwa da farashin kasuwa ta waya. Najeriya ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, sai dai har yanzu makarantar da ba ta la'akari da lokacin ƙaura tana tilasta wa uba zaɓi tsakanin karatun ɗansa da kiwon garkensa.