Gogewar Ɗan Takarar Shugaban Ƙasa a Siyasar Amurka

Gogewar ɗan takara ita ce tarin muƙaman mulki, na majalisa, na soja ko na jakadanci da mai neman shugabancin ƙasa ya riƙe kafin ya fito takara, tare da abin da ake kyautata zaton ya koya a cikinsu. A Amurka doka ba ta sa ta cikin sharuɗɗa ba. Makamin yaƙin neman zaɓe ce, wanda ake zaro shi duk lokacin da tsohon hannu ya kara da sabon shiga, kuma ta fi tayar da ƙura a zaɓukan 1960, 2008 da 2016.

Abin da doka ta tanada

Kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a 1787, sharuɗɗa uku kacal ya gindaya a Sashe na Biyu: mutum ya kasance ɗan ƙasa tun daga haihuwa, ya cika shekara 35, kuma ya zauna a ƙasar na tsawon shekara 14. Babu zancen ilimi, babu na muƙami. Gyara na 22 da aka amince da shi a 1951 ya ƙara cewa ba a zaɓen mutum fiye da sau biyu. Waɗanda suka tsara kundin sun ɗora nauyin tantance cancanta a kan wakilan jihohi masu zaɓen shugaba. Alexander Hamilton ya kare tsarin a 1788 da hujjar cewa zai hana kujerar faɗawa hannun wanda bai isa ba. Yau waɗannan wakilai bin ƙuri'ar jiharsu suke yi, don haka alƙalancin ya koma hannun masu jefa ƙuri'a. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ari salon shugaba mai cikakken iko daga Amurka, ya ɗan fi tsauri tunda sashe na 131 ya nemi ilimi daidai da na kammala sakandare, amma shi ma bai ambaci gogewa ba.

Buchanan da Lincoln

Da wuya a yi wannan muhawara ba a kawo sunan mutanen nan biyu ba. James Buchanan ya yi shekara goma a majalisar wakilai, ya yi jakada a Rasha, ya zauna a majalisar dattawa daga 1834 zuwa 1845, ya riƙe sakataren harkokin waje na shekara huɗu, sannan ya yi jakada a Birtaniya. Ya ga jiya ya ga yau. Amma a watannin ƙarshe na mulkinsa jihohi bakwai na kudu suka ɓalle yana kallo, yana mai cewa ɓallewa ba ta halatta ba, kuma gwamnatin tarayya ba ta da ikon hana ta da ƙarfi. Masana tarihi sun saba jera shi a sahun ƙarshe.

Abraham Lincoln, wanda ya karɓi mulki daga hannunsa a Maris 1861, lauya ne daga Springfield. Ya yi shekara takwas a majalisar jihar Illinois, zango ɗaya tak a majalisar wakilai ta tarayya daga 1847 zuwa 1849, ya kuma faɗi takarar sanata a 1858. Bai taɓa shugabantar ko ma'aikata ɗaya ba. Shi ya riƙe ƙasar a Yaƙin Basasa.

Misalin yana da daɗin kawowa, sai dai ana ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Lincoln ya shafe kusan shekara talatin cikin siyasar jam'iyya, ya san yadda ake haɗa kan mutanen da ba sa ga-maciji, kuma ya ɗauki lokaci yana sauya kwamandoji kafin ya dace da Ulysses Grant. Koyon aikin ya yi a kan kujera, kuma an biya kuɗin karatun da rayuka.

Wace irin gogewa?

Masu gardamar ba su ma daidaita a kan ma'anar kalmar ba. Gwamna zai ce shi ya saba da kasafin kuɗi, da naɗa mutane, da yanke shawarar da laifinta zai dawo kansa shi kaɗai. Sanata zai ce shi ya san Washington da harkokin waje, waɗanda gwamna sai dai ya ji a labari. Masu zaɓe sun fi karkata ga gwamnoni na wani dogon lokaci: Jimmy Carter, Ronald Reagan, Bill Clinton da George W. Bush duk ta gidan gwamna suka biyo. Sanatoci uku ne kawai suka tashi kai tsaye daga majalisa zuwa Fadar White House, wato Warren Harding a 1920, John Kennedy a 1960 da Barack Obama a 2008. Dalili ɗaya da ake bayarwa shi ne cewa wanda ya daɗe a majalisa ya jefa dubban ƙuri'u, kuma abokin hamayya ba zai rasa wadda zai kafa hujja da ita ba.

Akwai kuma janar-janar da suka hau ba tare da sun taɓa riƙe muƙamin zaɓe ba: Zachary Taylor, Grant da Dwight Eisenhower. Herbert Hoover ma bai riƙe ba, amma ya yi suna wajen ciyar da Turai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma yi sakataren kasuwanci daga 1921 zuwa 1928. Kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoba 1929, watanni bakwai da hawansa, kuma duk wannan sanin makamar aiki bai hana shi shan kaye a 1932 ba.

Daga Nixon zuwa Quayle

A 1960 Richard Nixon ya gina takararsa a kan shekaru takwas da ya yi yana mataimakin Eisenhower. Abin da ake mantawa shi ne shi da Kennedy shekara ɗaya suka shiga majalisar wakilai, 1947, kuma shekara huɗu ce kawai tsakaninsu. A watan Agusta 'yan jarida suka nemi Eisenhower ya faɗi wata babbar shawarar Nixon da ya taɓa ɗauka, sai ya ce a ba shi mako guda, wataƙila ya tuno ɗaya. Jam'iyyar Democrat ta mai da maganar tallar talabijin. Kennedy ya ci zaɓe yana da shekara 43. Masu cewa ɗanyen kai ne sun samu abin faɗa a Afrilu 1961, lokacin da harin da Amurka ta shirya wa Kuba ya watse. Masu kare shi kuma suna nuna yadda ya warware rikicin makamai masu linzami na Oktoba 1962 ba tare da yaƙi ba.

Reagan ya juya zancen a muhawarar 1984. Yana da shekara 73, aka tambaye shi ko tsufa ba zai hana shi aiki ba, ya ce shi dai ba zai yi amfani da ƙuruciya da rashin gogewar abokin karawarsa don cin ribar siyasa ba. Walter Mondale, mai shekara 56, da shi aka yi dariyar. A 1988 kuma, a muhawarar 'yan takarar mataimakin shugaba, da Dan Quayle ya kwatanta shekarunsa a majalisa da na Kennedy, Lloyd Bentsen ya ce masa shi ya san Kennedy, kuma Quayle ba Kennedy ba ne. An tafa wa Bentsen, amma George H. W. Bush, mahaifin George W. Bush, da Quayle ne suka ci zaɓen.

Zaɓen 2008

Lokacin da Obama ya bayyana takararsa a Springfield ranar 10 ga Fabrairu 2007, shekararsa biyu ke nan a majalisar dattawa. Kafin nan ya yi majalisar dattawan jihar Illinois daga 1997 zuwa 2004, ya koyar da dokar tsarin mulki a Jami'ar Chicago, ya kuma yi aikin haɗa kan mazauna unguwannin talakawa a birnin. Hillary Clinton ta shiga zaɓen fid da gwani tana tallata shekara 35 na gogewa da cewa a shirye take tun ranar farko. Gab da zaɓen Texas da Ohio na 4 ga Maris 2008 ta saki tallar da aka fi tunawa: yara na barci, ƙarfe uku na dare, waya na ƙara a White House, ana tambayar wa ake so ya ɗaga.

Amsar Obama ita ce ta sauya filin gardamar. Bai yi musun cewa shekarunsa kaɗan ne ba. Cewa ya yi hangen nesa ya fi yawan shekaru. Hujjarsa guda ce, amma mai nauyi: a Oktoba 2002 ya yi jawabi a Chicago yana adawa da yaƙin Iraƙi, a watan da Clinton da John McCain, wanda ya zama abokin karawar Obama na jam'iyyar Republican, suka kaɗa ƙuri'ar ba da izinin yin sa a majalisar dattawa. A nan ya kamata a yi adalci, domin a lokacin Obama ba ya majalisar tarayya, ba a sa shi gaban wannan ƙuri'a ba. Duk da haka yaƙin ya riga ya fita daga ran Amurkawa, hujjar kuma ta shiga.

McCain, ɗan shekara 72, yana majalisar tarayya tun 1983, ya kuma yi fiye da shekara biyar yana fursunan yaƙi a Biyetnam. Obama ya toshe ɓarakar rashin gogewarsa da ɗaukar Joe Biden a matsayin mataimaki, sanata tun 1973 kuma shugaban kwamitin harkokin waje. Kwana shida bayan haka, ranar 29 ga Agusta, McCain ya ɗauki Sarah Palin, wadda ba ta cika shekara biyu a kujerar gwamnan Alaska ba, kuma kafin nan magajiyar garin Wasilla ce, gari mai mutane ƙasa da 10,000. Sai reshe ya juye da mujiya. Palin ta yi shaguɓe a babban taron jam'iyya cewa magajin ƙaramin gari kamar mai haɗa kan unguwa ne, bambancin kawai shi yana da nauyi na gaske a wuyansa, amma zancen rashin gogewa ya riga ya zama wanda ɓangarorin biyu ke jifar juna da shi. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba, hankali ya koma kan tattalin arziki, Obama ya yi nasara da ƙuri'un wakilai 365 a kan 173.

Bayan Obama

A 2016 Clinton ta dawo da ƙarin shekara huɗu na sakatariyar harkokin waje, Obama da kansa ya ce ba a taɓa samun wanda ya fi ta cancanta ba. Donald Trump ya mai da shekarun nata laifi, ya zama shugaba na farko da bai taɓa aikin gwamnati ko na soja ba. Ya samu ƙuri'un wakilai 304 a kan 227, ko da yake ta fi shi ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 3. Biden ya hau a 2021 da shekara 36 a majalisar dattawa da takwas na mataimaki, yana da shekara 78. Daga nan tambayar ta koma ta tsufa, kuma ita ta kai shi ga janye takara ranar 21 ga Yuli 2024.

Tanadin miƙa mulki

Gwamnatin Amurka ta ɗan rage haɗarin hawan wanda bai shirya ba. Harry Truman ya yi kwana 82 kacal yana mataimaki kafin Franklin Roosevelt ya rasu a Afrilu 1945, kuma sai bayan hawansa aka sanar da shi shirin ƙera bam ɗin nukiliya. Shi ya fara, a 1952, al'adar ba manyan 'yan takara bayanan sirri tun kafin zaɓe. Dokar miƙa mulki ta 1963 ta tanadar wa zaɓaɓɓen shugaba ofis da kuɗi har zuwa rantsuwa ranar 20 ga Janairu, domin akwai muƙaman siyasa kusan 4,000 da zai cike, sama da 1,000 daga cikinsu sai da amincewar majalisar dattawa.