Dokar Aisin: Duba Ta Kafin Ka Ƙara wa Gem ɗin Hoki Wahala

Duk wanda ya zauna da gem ɗin NHL (babbar gasar hokin ƙanƙara ta Kanada da Amurka) na kamfanin EA Sports ya ga yana lallasa kwamfuta yadda ya ga dama, inda hannunsa ke fara zuwa shi ne matakin wahala: ya bar Pro ya hau All-Star, wani ma ya zarce Superstar. Kwamfutar za ta ƙara zafi, amma zafi daban, kama da wasan da ake bugawa a Kanada da Amurka daban. A ganina, mai neman hokin ƙanƙara na gaske ya fara leƙa shafin dokoki, ya nemi wadda ake kira aisin.

Ga yadda take. Akwai jan layi da ya raba fili biyu. Idan ka doko faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo daga ɓangarenku, ya tsallake jan layin, ya zarce har ya wuce layin ragar abokan karawa ba wanda ya taɓa shi, kuma bai shiga raga ba, ka yi aisin. Sai a busa, a dawo da faifan kusa da ragarku a sake farawa. Wato ka yi jifa ne don ka samu sararin numfashi, an dawo maka da fitinar ƙofar gida. NHL ta kawo dokar a 1937, saboda ƙungiyar da ke kan gaba takan yi ta cilla faifan can nesa don cin lokaci.

Akwai rangwame. In an fitar muku da ɗan wasa na minti biyu ko biyar, har abokan karawa suka fi ku yawa, kuna iya cillawa ba laifi. Haka in golansu ya baro raga ya nufi faifan, ko alƙalin layi ya ga suna iya tarewa suka ƙyale.

A da, sai ɗan bayansu ya je ya taɓa faifan kafin a busa, sai ka ga mutum biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, sun kwasa a guje sun nufi katanga. A 2008 Kurtis Foster na Minnesota ya karye a cinya a irin wannan tsere, a 2013 kuma Joni Pitkänen na Carolina ya farfasa ƙashin diddige. Daga kakar 2013 zuwa 2014 aka sauya: alƙali kan duba wanda zai riga isa wurin faifan tun suna daidai ɗigon da ake sake farawa, in ɗan baya ne ya busa nan take. Wannan tsarin, Hybrid, shi za ka zaɓa a gem.

Amma inda dokar ke cizo shi ne gyaran 2005: wanda ya yi aisin ba shi da izinin canza 'yan wasa. A hoki, mutum kan yi kamar daƙiƙa 45 ne a fili ya fita ya huta, saboda gudun ba na wasa ba ne. To in ka bar ma'aunin gajiya da ke cikin saitin gem ɗin a ƙasa, hukuncin ya zama hoto, tunda yaranka ba sa haki. Ɗaga shi, ka mayar da canjin 'yan wasa hannunka, ka ɗan tsawaita lokaci (na gaske zango uku ne, kowanne minti 20, amma ba kowa ke da wannan haƙurin ba).

Sannan ka jira ƙarshen wasa, kana gaba da ci ɗaya, sun tsare ka a gida, ƙarfin 'yan bayanka ya kusa ƙarewa. Ka cilla faifan, a busa. Su shigo da sababbin jini, kai kuma mutum biyar ɗin nan da suka galabaita su za su sake tsayawa gaban golanka.