Samun kuɗi da bidiyon tafiye-tafiye: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Shekara bakwai ke nan ina yawo da waya da 'yar kyamara tsakanin Garwa, Marwa da Ngaundare a arewacin Kamaru, wani lokaci in tsallaka gadar Kuseri in shiga Injamena a Chadi. Duk sanda na saka bidiyo sai saƙonni su cika wayata, kuma tambayoyin nan dai su ne. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya. Ga su nan a haɗe, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Yaya, da gaske ana samun kuɗi a wannan harkar?

Ana samu. Sai dai ba daga inda kuke sa rai ba, kuma ba a watan farko ba.

Wace kyamara zan saya?

Kada ka sayi ko ɗaya. Wayar da ke hannunka ta isa. In kana da 'yan kuɗi, nemi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga da batirin caji mai ƙarfi. Iskar hunturu a kan duwatsun Rumsiki cinye murya take yi, kuma mutane za su yi haƙuri da hoto mai hazo amma ba sa haƙuri da maganar da ba a ji.

To wa yake biya ke nan?

Mutanen garinku. Mai otal, mai gidan abinci, kamfanin motocin safa, mai kilishi, badukun da ke ɗinka takalma da jakunkuna a Marwa, mai wurin shaƙatawa a bakin madatsar Lagdo. Waɗannan su ne suke da buƙatar a san da su, kuma su ne kuɗinsu ke shigowa wayarka ta Orange Money ko MTN MoMo a ranar, ba sai an bi ta banki ba.

Kuɗina na farko daga wani dattijo mai kilishi na same shi. Na zauna da shi tun hantsi yana shanya naman a kan karaga, yana tsoma shi a labu, hannunsa duk ja da barkono da ƙuli. Ban ce masa komai kan kuɗi ba, na ɗauki minti biyu kawai na saka lambarsa a ƙasa. Bayan mako guda ya aiko yaro ya kira ni. Wai daga Duwala da Yawunde ake ta bugo masa waya a saka kilishi a mota. Ya ce, "Ɗana, nawa za ka karɓa ka riƙa yi mini irin wannan duk wata?" Tun daga ranar na gane inda kasuwar take. Mai kallo dubu uku da ke zaune a ƙasar nan kuma yana iya sayen abin ya fi wa ɗan kasuwa amfani a kan dubu ɗari da ba su san hanyar Garwa ba.

Amma ku yi ciniki kafin ku kunna kyamara. Bidiyo nawa, tsawon minti nawa, wa zai biya kuɗin mota, sau nawa za a gyara. A rubuta ko da a saƙon WhatsApp ne, a ba da rabin kuɗi tukuna. Na taɓa yi wa wani otal aikin kwana uku, ɗaki-ɗaki, har da kicin. Da na zo karɓar haƙƙina manajan ya ce ai na kwana kyauta na ci kyauta, me kuma nake nema? Har yau abin yana ci mini rai, domin bidiyon yana nan suna talla da shi. Kwanan otal ba ya sayen data, ba ya biyan kuɗin makarantar yara.

Mabiya nawa zan tara kafin in fara neman talla?

Babu adadi. Ka yi bidiyo goma masu kyau na wurare goma, ka ɗauki wayarka ka je ka nuna wa mai kasuwa. Aikin yake son gani.

Ina Kamaru (ko Chadi). YouTube za su biya ni? Wani ya ce in buɗe tashar da adireshin yayana da ke Yola ko Faransa.

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, don haka ku karanta a hankali.

Sharaɗin farko kowa ya haddace shi. Kafin YouTube su fara raba kuɗin talla da kai sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12 da suka wuce, ko kuwa mabiya 1,000 ɗin da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. In an karɓe ka, kaso 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo naka ne. Ba a turo maka komai sai abin ya kai dala 100. Abin da masu koyarwa a intanet ba sa faɗa muku shi ne, shirin raba kuɗin tallan yana da jerin ƙasashen da yake aiki a cikinsu. Najeriya, Gana da Senegal suna ciki. Duk lokacin da na duba, ban ga Kamaru ba, ban ga Chadi ba. Jerin yana iya canzawa, saboda haka ka duba da idonka a shafin taimako na YouTube kafin ka yanke shawara. TikTok ma haka abin yake: shirinsu na biyan masu bidiyo yana ƙasashe irin su Amurka, Ingila, Faransa da Jamus, mu nan sai dai kyautar da masu kallo ke jefowa in kana shiri kai tsaye.

Daga nan ne dabarar adireshin ɗan'uwa ta samo asali. Na san waɗanda suka yi ta kuma suna karɓar kuɗinsu. Na kuma san wanda ya yi ta, aka rufe asusun da kuɗinsa a ciki. Ba zan ce maka yi ba, kuma ga dalilaina. Kuɗin ta asusun AdSense yake biyowa, wato asusun Google da ake biyan masu tasha ta cikinsa, shi kuwa asusun yana son suna ɗaya, adireshi ɗaya, katin shaida ɗaya da banki ɗaya, duk su dace da juna. Da kuɗinka ya kai dala 10 za su aiko lambar sirri a takarda ta gidan waya zuwa wancan adireshin, in ba a shigar da ita ba biya ya tsaya. Akwai kuma takardar haraji ta Amurka da ake cikewa, wanda bai cike ba ana iya yanke masa har kaso 24 cikin ɗari na duk abin da ya samu. To in duk wannan da sunan yayanka aka yi, a idon kamfani kuɗin nasa ne, harajin ƙasar da yake ma a wuyansa yake. Ranar da kuka saɓa, ko Allah Ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, da wace takarda za ka ce naka ne? Zumunci nawa kuɗi ya raba?

In kuwa da gaske kana da ƙafa biyu, kamar 'yan'uwanmu da yawa na bakin iyaka masu gida a Mubi ko Yola da takardun Najeriya na halal da asusun banki da sunansu, to wannan wata magana ce daban, kana buɗe abinka ne da gaskiyarka. Haka in ku biyu kuka haɗa hannu, shi yana can yana tace bidiyo kai kana nan kana ɗauka, tashar taku ce tare, sai ku rubuta rabon kowa a gaban shaidu. Abin da nake hana ku shi ne ƙarya zalla, da sayen tasha a hannun wanda ba ku taɓa gani ba. Wasu masu sayarwar in sun karɓi kuɗin sai su sauya lambar shiga su ɓace.

Kuma ko komai ya tafi daidai, kada ka sa ran abin da ka ji wani Bature yana faɗa. Farashin talla yana bin ƙasar mai kallo. Kallo dubu daga Faransa ya ninka kallo dubu daga Garwa ko Kano nesa ba kusa ba, mu kuwa masu kallonmu na gida ne. Ni dai na ɗauki YouTube a matsayin rumfar baje koli, a ga aikina a kira ni. In wani abu ya faɗo daga can, alhamdu lillahi.

Da Hausa zan yi ko da Faransanci?

Da harshen da ba ka in'ina a cikinsa. In Hausa ce, kana da Najeriya da Nijar gaba ɗaya a bayanka. Sai ka saka fassarar Faransanci a ƙasa don mutanen kudu. Fillanci ma kada ka raina shi, shi ne harshen kasuwa daga Ngaundare har Marwa.

Dole ne in faɗa cewa an biya ni?

Haba! Wannan ma tambaya ce? Ka karɓi kuɗi ka ce ɗakin otal tsaf yake, ruwa na zuwa, na'urar sanyi na aiki, sai bawan Allah ya kwaso iyalinsa a zafin Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, ya tarar fanka ma ba ta juyawa. Wa zai zaga? Kai. Ka ci amanarsa, ka kuma kashe kasuwarka da hannunka. Ka ce "talla ce" da bakinka a farkon bidiyo, kuma abin da ba ka gani ba kada ka yabe shi.

Wasu suna cewa in raka su wuraren da nake nunawa. In karɓi kuɗi?

Karɓi mana, aiki ne. A gaskiya wannan ya fi talla albarka a wurina. Ma'aikata daga Yawunde da suka shigo jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundare, 'yan'uwanmu mazauna Turai da suka zo hutu da 'ya'yansu, amare da angwaye, ɗalibai. Suna son ganin kwazazzabon Kola kusa da Gidar lokacin rani da ruwa ya janye, da dorinar ruwa a Binuwai, da gidajen laka na ƙabilar Musgum a wajen Pus, da hawan Sallah a ƙofar Lamido. Ka haɗa musu mota, masauki da abinci, ka ɗora ladanka a fili kowa ya sani. In za ka mai da shi sana'a, je ofishin ma'aikatar yawon buɗe ido na yankinku ka nemi izinin jagora, kada ka jira sai jandarma sun tare ka da baƙi a mota.

Sannan ku ji wannan da kyau. Tun watan Fabrairu na 2013 da aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Dabanga, bayan sun fito daga gandun dajin Waza, harkar baƙi ta durƙushe a can arewa mai nisa, kuma har yanzu akwai hanyoyin da ba a bi sai da rakiyar sojoji. Kada kwaɗayin kuɗi ya sa ka kai ɗan mutane bakin iyaka. Tambayi hukuma, tambayi lawan ko jauron wurin a ranar da za ku tashi. In aka ce a dakata, ka mayar wa mutane kuɗinsu.

Ni mace ce, a gida ba za a bar ni in yi ta yawo ba. In haƙura?

Kada ki haƙura, ƙanwata. Ba sai kin je gandun dajin Zakuma ko duwatsun Ennedi a Chadi ba. Kasuwar garinku, yadda ake haɗa miyar folere, kamu da lalle a gidan biki, masu saƙa da masu tukwane, duk wuraren nan ke za ki shiga ni ba zan iya shiga ba. Ba dole ki nuna fuska ba, hannu da murya sun wadatar. Masu sayar da atamfa, turaren wuta da kayan ɗaki suna neman mai yi musu talla da mutunci ruwa a jallo. Ki nuna wa iyayenki aikin tun daga farko, su gani da idonsu.

Hotuna fa, ana saye?

Ana saye. Jaridu da ƙungiyoyin agaji da suka cika Marwa da Injamena sukan nema. Ka ajiye asalin hoton, kada ka tura shi sai an yi ciniki.

Zan iya ɗaukar kowa da ko'ina?

A'a. Mutum ba tsuntsu ba ne. Ka yi sallama, ka nemi izini, yaro kuwa sai da yardar iyayensa. A fada ka bi ta hannun dogari. Bariki, shingen jami'an tsaro, filin jirgi da gada, mayar da wayarka aljihu. Ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama kuma sai da takardar izini, balle a Garwa da ke da sansanin sojin sama.

In bar aikina in rungumi wannan?

A'a. Riƙe aikinka, ka riƙa fita Asabar da Lahadi. Damina in ta kankama hanyoyi sukan lalace, baƙi su ɗauke ƙafa, tallar otal ma ta ja baya. Sai ka ga abin da ka samu a rani ya ciyar da gidanka har ƙarshen damina, shekara biyu a jere, sannan ka zo mu yi wannan maganar.