Dokar Abin da Aka Jefa Sama: Me Ya Sa Amsa Take Zuwa Biyu?

Dutse ne ko ƙwallo, duk abin da aka jefa sama doka ɗaya yake bi: jan ƙasa yana rage masa gudu a kai a kai har ya tsaya, sannan ya juyo. Galileo, masanin Italiya, ya bayyana a 1638 cewa nisan da abu ke faɗowa yana ƙaruwa ne daidai da lokaci sau kansa. Daga nan t² ya shigo lissafin. Ƙarfin jan ƙasa kusan 9.8 ne (wato gudun abin da ke faɗowa yana ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa, a kowace daƙiƙa), amma a jarrabawar WAEC da NECO akan ce a ɗauki 10. Idan an kau da kai daga iska, dokar ita ce h = ut − 5t², wato h tsayi a mita, u gudun farko, t lokaci a daƙiƙa, 5 kuma rabin 10 ɗin ne.

A ce yaro ya harba ƙwallo sama tsaye da gudun mita 20 a daƙiƙa. Yaushe za ta kai mita 15? Sai ka rubuta 15 = 20t − 5t², ka tara komai gefe ɗaya, ka raba da 5: t² − 4t + 3 = 0. Wannan ya ba ka (t − 1)(t − 3) = 0. Lamba biyu kuwa, idan aka ninka ɗaya da ɗayar, ba sa haifar da sifiri sai ɗayansu sifiri ne, don haka t = 1 ko t = 3.

A nan ne ɗalibai da yawa ke soke amsa ɗaya, kuma abin yana damuna, domin dukkansu gaskiya ne. Ƙwallon ta wuce mita 15 a daƙiƙa ta farko tana hawa, ta sake ratsa wurin a ta uku tana saukowa. Tsakaninsu, a daƙiƙa ta biyu, ta kai ƙololuwa, mita 20.

Akwai inda ake jefar da amsa. Idan daga saman bene mai tsayin mita 25 aka harba ta, lissafin saukarta ƙasa ya zama t² − 4t − 5 = 0, wato t = 5 ko t = −1. Agogo ya fara ne lokacin da ƙwallon ta bar ƙafa, saboda haka −1 ba shi da gurbi a labarin. Amsar ita ce daƙiƙa 5.

Wani lokaci kuma babu amsa sam. Tambayi yaushe ƙwallon farko za ta kai mita 25 daga ƙasa: t² − 4t + 5 = 0. Duba b² − 4ac, inda a ita ce lambar da ke tare da t² (1), b wadda ke tare da t (−4), c kuma wadda ke ita kaɗai (5): za ka samu 16 − 20 = −4. Da ka ga wannan lamba ta faɗi ƙasa da sifiri, kada ka ɗauka kuskure ka yi. Ƙwallon ce ba za ta kai wurin ba, iyakarta mita 20.