Hutun da ke cinye ƙafafun dattijo

A gidajenmu, da zarar mutum ya manyanta sai 'ya'ya da jikoki su karɓe masa komai. Baba ya ɗauki buta a ce "kawo", Inna ta ɗauki tsintsiya a fizge. Ladabi ne, amma tsokar cinyar da ba a mora zubewa take yi, kuma ita ce ke ɗaga mutum daga tabarma, ita ke tare shi idan ya yi tuntuɓe. Faɗuwa ɗaya da ta karya ƙashin ƙugu tana iya kwantar da tsoho kwanciyar da ba tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu shekara 65 zuwa sama shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, misali minti 30 sau biyar. Ma'auninsa: kana tafe kana iya hira, amma numfashi ba zai bar ka rera waƙa ba. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 10, ya riƙa ƙara biyar duk mako. A haɗa da tashi daga kujera a sake zama sau goma, da tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, kwana uku a mako.

A fita tafiyar motsa jiki bayan gari ya waye sarai, don duhun asuba yana ɓoye rami. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, a dawo kafin rana ta take, ko a bari sai bayan la'asar. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, mai asma ya haƙura ko ya rufe hanci. Da damina kuwa a bi hanyar da aka tattake, saboda santsi da maciji.

Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, don haka a sha ruwa kofi ɗaya kafin fita, a riƙe gorar ruwa, sai fa wanda likita ya ƙayyade wa ruwa. Silifas ba takalmin tafiya ba ne. A sa mai rufe ƙafa da ba ya zamewa. Sanda ta kai daidai wuyan hannu idan mutum ya miƙe ya saki hannunsa. Mai ciwon suga da ke shan magani kada ya fita da yunwa, ya sa dabino uku a aljihu, in ya dawo a duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu, domin ƙaya na iya shiga bai ji ba.

Tafiyar da ke ɗorewa ita ce mai abin kallo da abokin hira: zagayen gona, bakin fadama, gawon da ke kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, dawowar shamuwa gab da saukar ruwa. A tura jika ya raka, dattijo ya koya masa sunayen itatuwa. Gwaggon da ba ta fita nesa, zogale da yakuwa a tsakar gida sun ishe ta aiki; ban ruwa da ƙaramin bokiti kawai, ba jarka ba.

Ciwon ƙirji, jiri, sarƙewar numfashi ko mutuwar ɓarin jiki: a tsaya nan take, a kai shi asibiti, kada a jira gobe.