TPMS: fitilar nan mai siffar kofaton doki

Wanda ya sayi mota 'yar Kwatano da ta fito daga Amurka, da wuya bai taɓa ganin wata fitila ruwan ɗorawa a dashbod ba, siffarta kamar kofaton doki, da alamar motsin rai a tsakiya. Ita ce fitilar TPMS, tsarin da ke lura da iskar taya. Amurka ta kafa dokar TREAD a 2000 bayan munanan haɗurran tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer, kuma tun Satumban 2007 ba a sayar da sabuwar ƙaramar mota a can sai da shi. Tarayyar Turai ta wajabta shi ga duk sababbin ƙananan motoci a 2014.

Wasu motocin ba su da komai a cikin taya, sensocin ABS, tsarin da ke hana ƙafa kullewa in an taka birki, su ne ke ƙirga juyin kowace ƙafa, domin tayar da ta rage iska ta fi 'yan uwanta saurin juyawa. Amma yawancin na Amurka, sensa ce manne da bawul daga cikin wili, da ɗan batirinta, tana aika saƙo ta rediyo.

Inda direbobi ke ruɗewa shi ne fitilar magana biyu take yi. In ta kunnu ta tsaya cak, wata taya ta yi ƙasa da abin da kamfani ya rubuta da kusan kashi 25 cikin ɗari. A duba takardar da ke liƙe a bakin ƙofar direba, a gwada da geji, a ƙara iska. Da sanyin safiyar hunturu takan yi haka ko babu ƙusa. In kuwa ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya kafin ta tsaya, ba ruwan iska: galibi sensa ce ta yi shiru. Ko mai faci ya karya ta da ƙarfen ɓamɓarar taya, ko batiri ya mutu. Batirin yakan yi shekara 5 zuwa 10, a rufe yake ruf, ba a canza shi sai dai a canza sensar gaba ɗaya. Motar 2010 kam ai ta ci shekarunta, in guda ta mutu, sauran ma suna hanya.

Wajen sayen sabuwar sensa a kula. Motocin Amurka galibi a kan mitar rediyo ta 315 MHz suke, na Turai a kan 433, in aka saɓa, mota ba za ta ji sensar ba. Bayan an ɗaura kuma sai kwamfutar mota ta san lambar sabuwar. Wasu motocin tafiyar 'yan mintuna ta ishe su, da yawan Toyota da Honda kuwa sai mai gyaran wayar mota ya jona na'urarsa ta OBD, mai magana da kwamfutar mota, ya shigar. Masu rufe fitilar da baƙin salatif dai, geji ne kaɗai ya rage musu.