Na'ibin da'ira a Sudan

Na'ib shi ne sunan da mutanen Sudan ke kiran ɗan majalisa, wato wanda jama'ar wata da'ira (mazaɓa) suka zaɓa ya je barlaman (majalisar dokoki) ya yi magana da bakinsu. Hausawan Sudan, daga Mai Wurno da Sinja har Gadarif, Kasala da Damazin, su ma kalmar suke amfani da ita ko a tsakiyar hira da Hausa, za ka ji an ce "na'ibinmu ya shigo gari" kamar yadda a Kano ake cewa ɗan majalisa ya zo. A takarda aikinsa yin doka ne da sa ido kan gwamnati, amma a wajen talaka ba wannan ba ne ma'auni, ma'aunin shi ne wa ya bi wa haƙƙinsa, kuma lokacin da ake da majalisa masu yawan zuwa ƙofarsa kusan kullum iri uku ne: ma'aikacin da aka kora, tsoho mai jiran ma'ash (fansho), sai manomi.

An yi zaɓen farko a ƙarshen 1953, kuma daga cikin wannan majalisar aka shelanta 'yancin kai ranar 19 ga Disamba 1955, kafin a ɗaga tuta 1 ga Janairu 1956. Daga nan majalisa ba ta taɓa zama da gindinta na dogon lokaci ba, soja sun rusa ta a 1958, a 1969, a 1989, ta ƙarshe mai kujeru 426 da ke zama a Omdurman aka rushe ta a Afrilun 2019 da faɗuwar shugaba Umar al-Bashir, ita kuma majalisar riƙon ƙwarya da aka yi alkawari ba a kafa ta ba har yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. A da akwai wani tsari da Sudan ta yi fice da shi, kujerun masu ilimi, inda waɗanda suka yi karatun boko ke da ƙuri'a ta biyu. Ta wannan ƙofar Fatima Ahmed Ibrahim ta shiga a 1965, mace ta farko a barlaman ɗin ƙasar, kuma abin da ta sa gaba shi ne mace ma'aikaciya ta samu albashi daidai da namiji, da hutun haihuwa, da ma'ash in ta tsufa. A ƙarshen shekarar aka haramta jam'iyyar kwaminis, wadda take ciki, aka kori yawancin wakilan jam'iyyar daga majalisa. Mijinta, shugaban ƙwadago Shafi'u Ahmed al-Sheikh, shugaban ƙasa Ja'afar Numeiri ya rataye shi a 1971. Ta sake komawa majalisa a 2005 bayan shekaru tana gudun hijira, ta rasu a Landan a 2017.

Maganar korarru ita ce mafi ɗaci. Bayan juyin mulkin 30 ga Yuni 1989 an rusa ƙungiyoyin ƙwadago, aka fito da abin da ake kira salihul am, wai sallama don maslahar jama'a, aka dinga korar malamai, likitoci, alƙalai, soja da ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara, dubbai a kan dubbai, ba tuhuma ba shari'a, takarda ɗaya mai layi biyu kawai za a miƙo maka. To wa zai tsaya musu, tunda majalisun da suka biyo baya na gwamnatin da ta kore su ne? Shi ya sa galibin fafutukar kwamitocin korarrun ne suka yi da kansu, na'ib mai kirki iyakarsa ya karɓi takardar koke ya kai kwamiti ko ya kira minista ya amsa tambaya. Sai bayan 2019 gwamnatin riƙo ta kafa kwamitin duba mayar da su aiki, lokacin da yawansu sun tsufa, wasu ma ƙasa ta rufe musu ido.

Tsofaffi nasu kukan ɗaya ne, ma'ash ba ya bin farashin kasuwa. Wanda ya san gidan na'ib da safe ya san wannan hoton: dattijo cikin farar jallabiya da ta sha wanki, fayil ɗinsa cikin leda don kar gumi ya taɓa, an ba shi shayi yana juya cokali, in na'ib ya fito ya ce "ya Hajj, lafiya dai?" sai ya ce "ɗana, wata uku ke nan ba a saki ba, kuma maganin suga ya ƙare." Yawanci abin da zai samu ɗan rubutu ne a gefen takarda zuwa ga wani jami'i, wannan ɗan rubutun kuwa a Sudan yakan yi aikin da doka ba ta yi ba, gaskiyar magana ke nan.

Amma inda abin ya fi shafar Hausawa shi ne noma. Mashru'in Jazira, wato babban shirin noman ban-ruwa da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, ya fara ne a 1925 da aka gama dam ɗin Sinnar, daga baya da aka ƙara yankin Manakil ya haura fadan miliyan 2 (fadan ɗaya kimanin eka ɗaya ne). A da ana raba ribar auduga uku, kashi 40 na gwamnati, 40 na manoma, 20 na kamfanin Turawan Ingila, har gwamnati ta karɓe shi a 1950. Manomin da ke da hawasha, wato gonar da aka rubuta da sunansa, yana da ƙungiya mai ƙarfi, har ta kai bayan juyin juya halin Oktoba 1964 an ba shugabanta, Sheikh al-Amin Muhammad al-Amin, kujerar minista. Duk na'ibin da ke son ya dawo dole ya yi ta maganar ruwan da bai iso tur'a (magudanar ban-ruwa) ba, bashin banki da ke kai manomi gidan yari, farashin alkama da gyaɗa, da dokar mashru'in ta 2005 wadda bayanta aka sallami dubban ma'aikata, magudanan ruwa suka cika da laka da ciyawa.

To ga inda gizo ke saƙar. Wanda ke tsinkar audugar da hannunsa, ya yi shema, ya yi girbi, sau da yawa ba shi ne mai hawashar ba, ɗan kambo ne, wato mazaunin ƙananan unguwannin leburori da ke maƙale a bakin tur'a, mafi yawansu mutanen Darfur da Kordofan da kuma Hausawa da Fulani da Barebari, jikokin waɗanda suka taho hijira bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903 da alhazan ƙafa da guzuri ya yanke musu a hanyar Makka. Wasu kambo sun kai shekaru hamsin ko fiye a wuri ɗaya amma ba takardar fili, saboda haka makaranta da famfo da wuta sai dai a hango a ƙauyen da ke kusa, mata na ɗiban ruwan sha daga tur'ar da dabbobi ke shiga, bilharziya, wato tsargiya, ta zama kamar ciwon gida. Korarre yana da lambar fayil, tsoho yana da katin ma'ash, mai hawasha yana da sunansa a littafi, ɗan kambo kuwa ba shi da abin da zai ɗora a teburin na'ib, wani lokaci ko lambar ɗan ƙasa sai an ce ya kawo shaidun kakanninsa. Lokacin da ake zaɓe, akan tuna da shi ne in zaɓen ya matso, lori ya zo ɗaukar masu ƙuri'a.

A garuruwan da Hausawa ke da yawa, irin su Mai Wurno da unguwannin Gadarif da Kasala, lissafin ya ɗan bambanta, ɗan takara ba ya tsallake gidan sarki da limamai, kuma 'yan ƙabilar sun riƙa neman kujeru da kansu a majalisun jihohi da ta ƙasa. Tun 2019 dai babu zaɓaɓɓen na'ib ko ɗaya a ƙasar, koke-koken da a da ake kai masa yanzu umda (mai gari) da shehun unguwa da kwamitocin matasa ke karɓa, su kuma masu ma'ash na Wad Madani, babban birnin Jazira, da yaƙi ya tarwatsa a Disambar 2023 da yawa ta manhajar banki ta Bankak a waya suka koma jiran kuɗinsu.